Laccar masana a baje kolin kayan su: abin da mai fatsa daga Abuja zai ɗauko, da abin da zai baro a can

Wanda ya saba jefa ƙugiya a tafkin Jabi ko a bakin dam ɗin Usuma, da tana ko ƙullin garin masara, yakan ɗauka cewa teku ma ruwa ce, faɗi kawai ta fi. Wuni ɗaya a gaɓar Legas ya isa ya warware masa wannan zato. Darmarsa ba ta zama a ƙasa, igiyar ruwa na mirgino ta har gaban ƙafarsa. Koton da ya soka a ƙugiya ya zube tun yana iska. Zare ya katse bai ga abin da ya katse shi ba. Bayan mako biyu da dawowa gida, injin naɗinsa ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalili da magani, kuma su ne ainihin abin da ƙwararru ke koyarwa a laccocin da ake yi a wuraren baje kolin kayan kamun kifi.

Manyan tarukan irin wannan a ƙasashen waje suke. Akwai ICAST da ake yi a Orlando ta Amurka cikin watan Yuli, sai dai na 'yan kasuwar harkar ne, ba a buɗe shi ga kowa ba. Akwai baje kolin jiragen ruwa na Mayami, ita ma a Amurka, cikin Fabrairu, da na Dubai wanda ya fi mana saukin zuwa. Wanda bai da halin tafiya bai yi asara sosai ba, don laccoci masu yawa suna nan a YouTube. Tsarin kusan ɗaya ne: minti 45 zuwa awa guda, mai magana galibi kyaftin ne na jirgin da ake haya don fita su, ko gwanin gasar kamun kifi, wani lokaci a gaban dogon tankin gilashi da ake nuna yadda kifin roba ke rawa a cikin ruwa. Ka sani tun farko cewa da yawansu kamfani ne ya ɗauki nauyinsu, saboda haka lacca da talla a kwano ɗaya suke zuwa. Idan ya ce ka yi amfani da zaren gaba, wato guntun da ake ɗaurawa a ƙarshen babban zare ta wajen ƙugiya, mai kauri kaza, wannan ilimi ne. Idan ya ce sai na kamfani kaza, wannan ciniki ne.

Babbar matsalar mai sauraro daga nan ita ce, malamin yana magana ne a kan ruwansa. Mutumin Niyu Jasi ta Amurka zai cika awa guda kan kifin da babu shi a Tekun Gini sam, yana lissafa watannin da ruwa ke ɗumi da waɗanda yake sanyi, alhali ruwan gaɓarmu yana tsakanin digiri 25 zuwa 29 kusan duk shekara. Abin da ke raba mana lokaci shi ne damina da rani: daga Yuni zuwa Satumba teku na da fushi, ruwan sama kuma na rage gishirin tafkin Legas, daga Nuwamba zuwa Maris ta fi lafawa, gishiri ya koma ciki, kifin teku ya biyo shi. Don haka duk dabarar da ka ji, ka tace ta da tambaya huɗu: a wane zurfi, a kan wace irin ƙasa (yashi, laka ko dutse), a wane lokacin cikar teku, kuma me kifin yake ci a wurin? Idan an buɗe fagen tambayoyi, waɗannan za ka yi. Tambayar “wane inji ya fi kyau” ɓata dama ce, mai shago ma zai amsa maka ita.

Sai awo. Bature na Amurka da laba da oza da ƙafa yake magana. Ka rubuta a bangon littafinka kafin ka zauna: laba 1 giram 454 ce, oza 1 giram 28, ƙafa 1 santimita 30 da rabi, gudun jirgi na not 1 kuma kilomita 1.85 a awa. Ba tare da wannan ba, kana can kana lissafi a waya ya wuce zuwa wani batu.

Cika da janyewar teku

Wannan ne darasin da mai fatsar dam bai da shi ko kaɗan, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi. A gaɓarmu teku na cika sau biyu ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wato idan yau ta cika ƙarfe 7 na safe, gobe sai wajen 8 saura minti goma.

Kifi mai farauta yana ci ne lokacin da ruwa ke tafiya, domin a lokacin ne yake kwaso jatan lande da ƙananan kifi daga maɓoyarsu. Tafiyar ruwan kuwa ba daidai take ba cikin awa shidan. Masana na raba ta kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Ka ga ke nan rabin ruwan duka a awa ta uku da ta huɗu yake wucewa. A mashigar ruwa mai ƙunci, irin bakin tashar Legas, wannan tsakiyar na iya yin ƙarfin da darma ba za ta riƙe ƙasa ba, sai a koma ga awa biyun farko ko na ƙarshe. A buɗaɗɗiyar gaɓa kuwa, awa biyu kafin cika da awa ɗaya bayanta su ne aka fi yabawa. Idan wannan ya dace da bayan sallar asuba ko gab da magariba, to ranar ce ta fita.

A nan Bahaushe na da wata riba da malamin laccar kansa bai da ita: muna riƙe da lissafin wata. Cika mafi girma da janyewa mafi nisa na zuwa ne a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida. Mafi rauni kuwa wajen 7 zuwa 8 ga wata, da 22 zuwa 23. Tun kana Abuja, kafin ka yanki tikitin jirgi, kalandar Musulunci da ke rataye a bango ta gaya maka irin ruwan da za ka tarar. Ainihin awa da minti kuma sai ka duba jadawalin cikar teku na tashar da za ka je, akwai shi a manhajojin waya. Ka tabbata na wannan tashar ne, don na Legas ba ya aiki a Kalaba. Tazarar cika da janyewa a Legas kusan mita 1 ce, a Kalaba takan kai mita 3. Malamin da ya fito daga mashigin Biristol na Ingila, inda take haura mita 12, zai ba da shawarwarin da a Legas sun yi yawa.

Karanta gaɓa ma daga nan yake farawa. Ka je lokacin da ruwa ya janye, ka tsaya a tudu, ka ba shi minti goma sha biyar kana kallo kawai. Inda raƙuman ruwa ke fashewa su yi fari, tudun yashi ne a ƙasa. Inda ruwan ya yi duhu ya kwanta tsakanin wannan farin da gaɓa, kwari ne, nan kifi ke bi idan ruwa ya dawo. Inda farin layin ya yanke ya bar giɓi, ruwa na komawa teku ta nan, gefen giɓin ne wurin jefawa. Sau da yawa kwarin bai wuce mita 20 zuwa 40 daga ƙafarka ba, sabon shiga kuma ya dage sai ya yi jifan mita 100, ya tsallake kifin. Giɓin nan dai shi ne ke jan mutum zuwa tsakiyar teku, kada ka shiga cikinsa ko zuwa gwiwa.

A Legas yashi da ruwan gaɓa daga yamma suke gangarawa gabas. Katangun duwatsun da aka gina a bakin tashar tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin a ɓangaren yamma, shi ya sa a da teku ta yi shekaru tana cin gaɓar Bar Bic da ke ɓangaren gabas. Amfanin sanin wannan ga mai fatsa: ka jefa ɗan sama da inda kake nufi, ta hannun yamma, ruwan ya kawo maka darmar inda kake so.

Sanda, zare da ƙulli

Don jifa daga gaɓa, sanda mai ƙafa 10 zuwa 12 da injin naɗi mai lamba 6000 zuwa 8000 sun wadatar. Mai tahowa daga Abuja ya nemi sandar da ake harhaɗawa gida uku ko huɗu, saboda jirgin sama. Ƙugiyoyi da wuƙa kuma a jakar da ake aunawa, ba ta hannu ba.

Zare iri biyu ne za ka ji ana ambata: na nailan mai silli ɗaya, da kitsattse. Kitsattsen ya fi siriri a ƙarfi ɗaya, ba ya talewa, ruwa bai cika jansa ba, amma dutse na cinye shi nan take kuma kifi na ganinsa. Shi ya sa ake cika kwarkwaron injin naɗi da kitsattse mai laba 30 zuwa 50, a ɗaura nailan a gaba. Kuskure biyu ake yi wajen cikawa. Na farko, ɗaura kitsattse kai tsaye a jikin kwarkwaro: yana da santsi, ranar da babban kifi ya ja, dukkan zaren zai riƙa juyawa kamar birkin injin, wato abin da ke ƙayyade ƙarfin jan da zai sa zare ya fita, ya lalace. Ka fara naɗa nailan mita 10 zuwa 15 a ƙasa, ko ka zagaya tef na masu gyaran wuta. Na biyu, cikawa har baki: ka bar milimita 2 zuwa 3, in ba haka ba zare zai zubo a dunƙule ya cukurkuɗe a iska. Bayan kowane jifa ka rufe wayar da ke kama zare a bakin injin da hannu, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi.

Nailan ɗin gaba na da ƙa'ida: laba 10 ga kowace oza ta darma. Darma mai oza 4, wato giram 113, na bukatar aƙalla laba 40. Mai oza 5, laba 50. Tsawonsa ya taso daga darma, ya bi zobban sanda duka, ya zagaya kwarkwaro sau biyar ko shida. Dalili shi ne ƙarfin jifa a kansa yake sauka. Idan ya katse, darmar ta zama harsashi, kuma gaɓar Legas ba ta rasa mutane. Ka ɗaure birki tam kafin jifa mai ƙarfi, ka rufe ɗan yatsanka da tef ko safar fata, don kitsattsen zare idan ya zame a kan jiƙaƙƙen yatsa yanka yake kamar reza. Bayan jifa kada ka manta ka mayar da birkin inda yake.

Wajen haɗa zaren biyu, kusan kowane malami zai nuna wani ƙulli da ake kira FG. Ya cancanci yabon da ake masa, siriri ne, yana ratsa zobba ba ya karo, amma yana son kitsa 16 zuwa 20 da zare a miƙe, kuma ba a koyonsa a zama ɗaya. Ka fara da tagwayen ƙullin yuni. Ka jera bakin zaren biyu su haɗu da tsawon taƙi guda, kowanne na kallon ɗaya ɓangaren. Ka lanƙwasa kitsattsen ya yi zobe, ka zagaya bakinsa ta cikin zoben a kan zaren biyu sau 8, ka ja a hankali. Ka yi haka da nailan, sau 4 ko 5. Ka jiƙa da yawu, ka ja dogayen ɓangarorin har ƙullin biyu su haɗu su matse. Jiƙawar ba al'ada ba ce kawai: busasshen nailan na zafi idan ya goga da kansa, ya raunana daidai wurin ƙullin. Idan za ka shiga lacca a kan ƙulli, ka zauna a layin gaba da igiyar takalmi biyu masu launi daban a aljihu, kana yi yana yi. Abin da ido ya gani hannu bai taɓa ba, kafin ka kai masauki ya gudu.

Birkin inji kuwa ba da ka ake saita shi ba. Ana sa shi tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Zaren laba 30 kilo 13.6 ne, birkinsa ke nan kilo 3 da rabi zuwa 4 da rabi. Ka ɗaura zaren a ƙaramin sikelin auna jaka, wani ya riƙe, ka ja da sanda a karkace yadda za ka riƙe ta da kifi, ka duba lambar da zare ya fara fita. Ga abin da mutane ke kuskurewa: yayin da kifi ke gudu zare na raguwa a kwarkwaro, birki na ƙara ƙarfi da kansa, idan kaurin naɗin ya ragu da rabi, ƙarfin ya ninka. Mai fatsa ya ga zare na ƙarewa, ya firgita, ya ƙara ɗaurewa, shi ke nan an rabu. Kada kuma ka ɗaga sanda tsaye cak idan kifi ya iso ƙafarka, a nan kan sanda ke karyewa.

Ƙugiya da koto

Ƙugiyar da bakinta ya lanƙwasa ya kalli jikinta, mai kama da zobe, ita ce za ta fi wahalar da wanda ya saba da tarwaɗa da karfasa. Hannunsa ya saba fizga da zarar ya ji motsi, ita kuwa fizga ce ke fitar da ita daga bakin kifi. Aikinta shi ne kifi ya haɗiya ya juya, zare ya miƙe, ta zamo ta maƙale a kusurwar baki. Naka kawai ka naɗa har sanda ta lanƙwasa. Kada ka cusa koto ya toshe tsakanin baki da jikinta. Ƙugiya mai lambar girma 4/0 zuwa 6/0 ta isa kuroka da jan sinafa da matsakaicin shayini-nos, irin waɗanda ake gani a kan tebur a kasuwar kifi ta Kado. Don babban kifin da ake kira tarfon a haura 8/0 da zaren gaba mai laba 80 zuwa 100. Lambar wani kamfani ba ta zama daidai da ta wani, ka gwada da ido.

Haɗin da ya fi amfani a kan yashi: darma mai siffar dala a kan abin da ke zamewa a jikin zare, sai ƙwayar roba irin ta carbi don kare ƙulli, sai ƙarfen juyi mai hana zare murɗewa, sai nailan santimita 45 zuwa 75, sai ƙugiya. Kifi ya ɗauka ya tafi bai ji nauyi ba. Idan darmar na mirginawa, ka ƙara oza ɗaya, ko ka koma mai ƙafafun waya da ke nutsewa a yashi. A kan duwatsu kuwa lissafin ya juya: ka ɗaura darmar a can ƙasa da zare mai rauni, laba 10 zuwa 15, don idan ta maƙale ita kaɗai za ta tafi. Tsohon fulogin mota da aka wanke ya isa wannan aiki, kowane bakanike a Apo zai ba ka cikin hannu.

Barakuda tsagen teku ce, haƙoranta na yanke nailan kamar almakashi. Sai da waya, santimita 20 zuwa 30, da baƙin ƙarfen juyi, don mai ƙyalli ita take kai wa cizo ta yanke zaren daga sama. Tana son abin da ke gudu, ka naɗa da sauri. Amma kada ka sa waya ga kowane kifi, tana rage cizo sosai a ruwa mai haske.

Koto sabo ya fi komai: jatan lande, bonga, ƙaramin kifin da masu birgi suka kamo da safen nan. Ka saya a hannunsu, ka kuma tambaye su abin da ke ci a makon, su ne malaman da ba su da lasifika. Idan sai taitus na ƙanƙara ka samu, ka yanka shi dogo-dogo, ka barbaɗe da gishiri ya kwana a firji ya yi tauri, sannan ka naɗe shi a ƙugiya da siririn zaren roba sau goma zuwa sha biyar.

Idan zare ya katse, kada ka yi saurin sake ɗauri, ka duba bakinsa tukuna. Ya nannaɗe kamar gashin da aka warware daga kitso? Ƙullinka ne ya zame. Ya yanke sumul? Haƙori ne, sa waya. Ya yi kaushi ya tsattsage? Dutse ne ko kawa, ƙara kaurin zaren gaba. Bayan kowane kifi ka bi zaren gaba da yatsu biyu, in ka ji gurzuwa ka yanke ka sabunta.

Gishiri

Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma ruwan na bushewa ya bar shi a cikin inji. A ranar da ka fita, ka ɗaure birki, ka yayyafa ruwan famfo a hankali, ka goge, ka bar shi ya sha iska a inuwa, sannan ka sassauta birkin gaba ɗaya kafin ajiya. Kada ka tsoma shi a bokiti, kada ka watsa masa ruwa mai ƙarfi daga mesa, wannan tura gishirin ciki yake yi. Ɗigon mai ɗaya a ɗan gargaren da zare ke bi, ɗaya a hannun naɗi. Zobban sanda da filaya ma a wanke. Ƙugiyar da ta shiga teku kada ta koma cikin sababbi, za ta raba musu tsatsa. Kada ka ajiye inji a kan yashi ko na minti ɗaya.

Batun lafiya gajere ne amma ba a tsallake shi. Rigar kariya daga nutsewa a jirgi da kan duwatsu, kuma ba a juya wa teku baya. Tarwaɗar teku da kifin nan mai faɗi da bulala a wutsiya suna da ƙaya mai dafi: a cire ƙugiya da filaya, in an soku a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, wajen digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a je asibiti. Mai jin jiri a jirgi ya sha maganinsa awa guda kafin tashi. Kifin da za a kawo Abuja a zubar masa da jini, a fede shi nan take, a sa ƙanƙara kilo ɗaya ga kowane kilon kifi.

Tsakanin Abuja da Legas a mota ya haura kilomita 700, don haka Legas ba wurin da za ka je koyon ƙulli ba ne. Duk abin da ke na hannu a nan ake gama shi. Filin ƙwallo da sassafe kafin yara su fito ya isa koyon jifa: ka tsaga tsohuwar ƙwallon tanis, ka cusa darmar oza 4 a ciki don kada ta nutse a ƙasa ko ta ji wa wani, ka cire ƙugiya, ka tsaya a bakin raga ɗaya. Tsakiyar fili wajen mita 50 ne. Ka ajiye bokiti a can, ka yi jifa ashirin, ka ƙirga nawa suka sauka taku biyar daga gare shi. Ƙulli kuma ka ɗaura goma, ka ja kowanne da sikeli har ya katse, ka rubuta lambar. Idan yana katsewa ƙasa da kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin da aka rubuta a kwalin zaren, ka sake duba yawan zagayen da jiƙawar. In ya daidaita, ka kashe fitila ka ɗaura shi a duhu, don cikar tekun da ta dace da asuba ba za ta jira gari ya waye ba.